Filin Goggo: Ƙarambau, zona da danginsu

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan ƙuraje ne. Na tsamo biyar, daga mutanen da ba su san juna ba, ba su kuma san cewa dangin cuta guda suke tambaya a kai ba. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage wa wasu tsawo.

*Goggo, barka da aiki. Ni tela ne a Domayo, Marwa. Mahaifina ya haura shekara 70. Makon jiya ya fara kukan ciwo a haƙarƙarinsa na dama, muka ɗauka iska ce ta shige shi, har aka yi masa ƙaho. Bayan kwana uku sai ƙuraje masu ruwa suka feso daga tsakiyar baya, suka zagayo a jere zuwa ƙirji. Ba ya iya sa riga, ko iskar fanka ta taɓa wurin sai ya yi ƙara. Yayarsa ta ce jifa ne, wai ranar da kan layin ya haɗu da wutsiyarsa sai dai mu yi haƙuri. Yanzu toka da man shanu ake shafa masa, ana kuma ba shi rubutu. Mene ne wannan, kuma da gaske ne in ya haɗe zai rasu?*

Ɗana, na riga na amsa maka ta waya ranar da saƙonka ya iso, na ce a kai Baba asibiti kafin rana ta faɗi. Ina maimaitawa a nan ne saboda gidaje da yawa suna da irin wannan tsoho da irin wannan yaya.

Abin da ka kwatanta shi ne ma'aikatan asibitocinmu ke kira zona. Layin kuwa ba zai haɗe ba. Jijiyoyin da ke sa fata ta ji zafi da sanyi suna fitowa ne daga ƙashin baya biyu-biyu, ɗaya ta bi dama, ɗaya ta bi hagu, kowace ta ƙare a tsakiyar ƙirji. Cutar jijiya guda take bi, shi ya sa ƙurajen ke tsayawa cak a tsakiya. Ka ɗaga rigar Baba ka duba, za ka ga iyakar da idonka, ka kuma nuna wa goggon taka ita ma hankalinta ya kwanta. 'Yan tsirarun da yake fito musu ta ɓangare biyu ma, abin da ke tayar mana da hankali a kansu shi ne raunin garkuwar jikinsu, babu ruwanmu da haɗuwar layi.

Ka tambaye ta ko ta tuna shekarar da ƙarambau ya kama su suna yara. Ƙwayar cutar ƙarambau ita ce dai ta zona. Ƙurajen yarinta sun bushe sun warke, amma ƙwayar ba ta bar jiki ba, ta bi jijiya ta koma gindinta kusa da laka ta lafe. Duk wanda ya taɓa ratsa fadamun Logon da rani ya san halin gaiwa: ruwa ya janye, ƙasa ta tsattsage, ka taka wurin ba ka ga komai ba, alhali tana ƙasa a dunƙule cikin busasshen taɓo tana jiran damina. Daminar wannan ƙwaya ita ce ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, ko ta tsufa, ko ciwon suga, ko doguwar jinya, ko kansa da magungunanta, ko sida, wato ƙanjamau, ko yawan haɗiyar ƙwayoyin ƙiba na kasuwa. Baba ya fi shekara 60 yana yawo da tasa. A lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mutum 1 cikin 3 zai yi zona a tsawon rayuwarsa. Kuma ƙwayar tana da 'yan uwa masu irin halinta. Dangi ne da ake kira harfes, a takardar likita za ku ga an rubuta herpès, takwas daga cikinsu ke kama ɗan Adam, kuma dukansu in sun shiga jiki sun shiga ke nan.

Maganin da ake bayarwa sunansa asiklobir, a jikin kwalin aciclovir aka rubuta. Ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, hana ta hayayyafa yake yi. Saboda haka ƙarfinsa yana cikin awa 72 na farko daga fitowar ƙuraje, lokacin da take tsaka da yaɗuwa. A nan ne muke yin asara. Waɗannan kwana ukun su ne ake ƙararwa wajen neman wanda ya yi jifa, sai ƙuraje sun ruɓe a ɗauko mutum a kan babur a kawo mana. Ni ban hana kowa addu'a ba. A sha rubutu, a sha magani, ba sa faɗa da juna. Kuma ko kwana ukun sun wuce a je, musamman in tsoho ne, ko in sababbin ƙuraje na ci gaba da fitowa.

Babba mai lafiyayyar ƙoda ana rubuta masa miligiram 800 sau biyar a yini, har kwana 7. Da mutane sun ji sau biyar sai su ce to, bayan kowace salla. A'a. Tsakanin Asuba da Azahar akwai nisa, Magariba da Isha kuma kusan a manne suke. A bi agogo: ƙarfe 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare. A kuma sha ruwa sosai, domin ta ƙoda maganin ke fita, kuma ka san zafin Marwa a watan Maris da Afrilu. Tsoho irin Baba likita ne zai auna ya ga ko za a rage masa, kada ka je ka sayo masa da ka.

Tokar nan a wanke ta. Ruwa mai tsabta da sabulu sun isa, a bar wurin ya sha iska ya bushe. Kada a fasa ƙurajen, kada a ɓare kafso a barbaɗa garinsa a kai. Tunda kai tela ne, ɗinka masa riga mai faɗi ta auduga zalla, mara aiki a wuya da ƙirji, ka juya ɗinkin ya koma waje.

Ka shirya wa abu guda tun yanzu. Ƙurajen za su yi ɓawo cikin kwana 7 zuwa 10, fata ta warke cikin mako 2 zuwa 4, amma a cikin mutum 100 akwai kamar 10 zuwa 18 da raɗaɗin ke zauna musu watanni bayan fata ta warke sarai, kuma tsofaffi ya fi kamawa. Jijiyar ce ta ji rauni. Na sha ganin dattijo ya rame, ya daina zuwa masallaci don ba ya iya jure riga, iyalinsa kuma suna cewa raki ne tunda ba a ganin komai. Farasitamol kaɗai sau da yawa ba ya taɓa wannan ciwo. Akwai magungunan jijiya irin su amitiriftilin da gabafentin, likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa. Kada wani ya ba ku shawarar tiramol na bakin tasha.

Ga sauran masu karatu, abu biyu ne ba na son a kwana a kansu. In zona ya fito a goshi, ko fatar ido, ko kan hanci, a nufi wajen likitan ido a ranar, domin yana iya cin ido. Kada a ɗiga maganin ido na tebur, da yawansu akwai sinadarin da ke kwantar da ja amma yana ƙara wa ƙwayar ƙarfi. Haka in ya fito a kunne baki kuma ya karkace. Na biyu, in mai zonan matashi ne, ko ya yi masa faɗi, ko ya maimaita, a yi gwajin sida. Ba kowane matashi mai zona ke ɗauke da ita ba, amma sau da yawa zona ne ke fara ƙwanƙwasa ƙofa tun mutum yana da ƙarfinsa, kuma maganin rage kaifin sida kyauta ne a Kamaru tun shekarar 2007.

Baba ba zai shafa wa kowa zona ba. Sai dai ruwan ƙurajensa na iya sa wa wanda bai taɓa ƙarambau ba ƙarambau. A rufe wurin, a nisanta shi da mai ciki da jariri har ya bushe. Akwai allurar rigakafin zona ta masu shekara 50 zuwa sama, wadda ake yi yanzu an fara ta a Amurka a 2017, amma ba ta cikin waɗanda ake yi kyauta a cibiyoyinmu.

*Goggo, ina gaisuwa, daga Kusiri. Yarana uku ƙarambau ya bi su ɗaya bayan ɗaya tun da zafi ya kama. Kakarsu ta hana a yi musu wanka, ta ce ruwa na mayar da shi ciki. Ga kuma ƙanwata mai cikin wata takwas ta zo daga Injamena za ta haihu a gida, ta ce ba ta tuna ta taɓa yi ba. Yaya zan yi?*

Ɗiyata, ƙanwarki ta fi yaran damuna, da ita zan fara. A tambayi mahaifiyarku yau ɗin nan. In ta tabbatar ta yi ƙarambau tana ƙarama, to kusan babu abin tsoro. In ba a tabbatar ba, a ɗauka ba ta yi ba, domin a ƙasashe masu zafi irin namu ana samun manya da yawa da suka tsallake shi a yarinta. Ƙarambau a jikin mai ciki yana iya sauka a huhu ya hana ta numfashi. Jaririn kuma haɗarinsa ya fi yawa in ƙuraje suka fito wa uwa daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta, don yakan ɗauki ƙwayar bai samu garkuwar uwa ba. Ta sanar da inda take awo cewa ta zauna da masu ƙarambau, da ranar da ta fara zama da su, saboda akwai abin da likita zai iya ba ta tun kafin ƙurji ya fito. Amma kada ta je ta zauna a benci cikin sauran masu ciki, ta tsaya daga waje ta aika a kira ungozoma. Cutar takan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma mutum na yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin a ga komai a jikinsa. Ko ta koma ta gadar Ngeli gobe, sai ta ƙirga waɗannan kwanaki.

Yara kuwa a yi musu wanka. Ki gaya wa Kaka, cikin ladabi, cewa abin da ke lalata ƙarambau shi ne gumi da datti da susa, su ke mayar da ƙurji gyambo. In tana son a dafa ganyen darbejiya a tace a bari ya huce a yi wankan da shi, ban ƙi ba, a dai yi wankan. A yanke musu farce, a shafa kalamin, maganin shafawa mai rage ƙaiƙayi, a ba su kunu da ruwa da abinci mai laushi in bakin ya fashe. Zazzaɓi a ba da farasitamol. Asfirin haramiyarsu ce, yana iya jawo wani mummunan ciwo da ke kama hanta da ƙwaƙwalwa a yaro mai ƙarambau. Ibufurofen ma a bar shi. A kai asibiti in numfashi ya yi sauri, ko yaro ya kasa tashi daga barci, ko yana tangaɗi, ko wani wuri a fata ya kumbura ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da ƙarfi. Makarantar boko da ta allo duka a dakata sai kowane ƙurji ya yi ɓawo.

A kuma tabbatar ƙarambau ɗin ne. Shi ƙurajensa ba sa tafiya tare: a jiki guda za ki ga sabo ja, da mai ruwa, da wanda ya bushe, kuma sun fi yawa a ciki da baya. Ƙyanda tana zuwa da tari da mura da jan ido, ƙurajenta ƙanana ne marasa ruwa. In kuwa ƙurajen manya ne masu tauri, har tafin hannu da na ƙafa, ga kaluluwa ta kumbura, a sanar da cibiyar lafiya don a duba ƙyandar biri.

*Goggo, don Allah ki rufa min asiri. Wata biyar da aurena, ni ce ta biyu. Mako biyu da tarewa ƙuraje masu ruwa suka fito min a gaba, suka fashe suka zama miki, fitsari sai na yi kuka, har da zazzaɓi da kaluluwa. An yi min allurar sanyi an ba ni kafso, ya warke. Yanzu ya dawo sau biyu, duka gab da al'ada. Maigida ya rantse shi lafiyarsa ƙalau, har ya fara yi min wani irin kallo. Mahaifiyata ta ce aikin uwargida ne. Wata a Facebook ta ce tana da haɗin da ke wanke shi gaba ɗaya cikin kwana 21, jaka arba'in. Ga shi kuma na yi ɓatan wata. Daga Garwa.*

Ɗiyata, share hawayenki. Ban gan ki ba, kuma miki a gaba sai an duba, amma ƙuraje masu ruwa da ke fashewa, su warke, su dawo wuri guda, sun fi kama da harfes na al'aura. Lokacin da ya fi dacewa a duba ki shi ne yana tsaka da fitowa, kada ki jira ya warke don kunya. In kin je, ki nemi a gwada ki tunjere da sida, ke da maigida. Haka ƙa'ida take ga duk mai miki a gaba, babu zargi a ciki. Dalili kuma shi ne tunjere na warkewa da allura amma yana illata ɗan ciki in an bar shi, harfes kuma yana ninka haɗarin kamuwa da sida kusan sau uku saboda ƙofar da mikin ke buɗewa.

Allura da kafson da aka ba ki ba su ne suka warkar da ke ba. An yi su ne don wasu ƙwayoyin cuta daban, wannan ba ta jin su. Lokacinsa ne ya yi ya lafa da kansa.

Batun wa ya kawo shi, nan ne aure ke mutuwa a banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da nau'in da ya fi kama al'aura, wato 13 cikin 100, nahiyarmu ce kan gaba, mata kuma sun fi maza. Mafi yawansu ba su sani ba, don ko dai ba ya fito musu sam, ko kuma ɗan tsagewa ne da ƙaiƙayi da suke ɗauka zafi ne ko kaifin reza. Ƙwayar kuma tana iya fita daga fata a ranar da babu ƙurji ko ɗaya. Saboda haka maigidanki na iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa bai taɓa ganin komai ba, alhali yana ɗauke da ita shekara da shekaru, wataƙila tun kafin aurensa na fari. Yadda naki ya zo da ƙarfi, da zazzaɓi, cikin makonnin farko na tarewa, ya yi kama da kamuwar farko. Wannan ya isa ya sauke miki wancan kallon, amma bai isa ya zama shaidar cewa shi yana bin waje yanzu ba. Ga kuma ɗan uwansa mai fitowa a leɓe, wanda kusan mutum 2 cikin 3 na 'yan ƙasa da shekara 50 a duniya ke ɗauke da shi, shi ma yana iya sauka ƙasa ta hanyar wasan ma'aurata. Ba a ɗaukarsa a masai, ba a ɗaukarsa a buta ko bokitin wanka. Uwargida kuwa, ki ce wa mahaifiyarki zato zunubi ne. In ma akwai abin da ya haɗa ku da ita a wannan magana, shi ne ita ma tana da haƙƙin a duba ta, musamman in tana haihuwa. Ku je asibiti tare da maigida, a yi bayanin a gabansa. Na lura maza sun fi jin magana daga bakin mai farar riga fiye da bakin matansu.

Jaka arba'in ɗinki ki riƙe abinki, ki sayi kayan haihuwa. Har yau babu maganin da ke fitar da harfes daga jiki, a Turai ko a nan. Mai haɗin ta san abu guda da ke ba ki sani ba: da magani da babu, mikin zai warke kafin kwana 21. Sai ki yi mata godiya ki turo mata wasu, in ya dawo bayan wata uku ta ce kin karya doka, kin ci kuɓewa ko kin sha ruwan sanyi. Kuma kina da ƙaramin ciki, kada ki sha abin da ba ki san me aka zuba ba, kada ki yi matsi da shi.

Abin da ke akwai na gaskiya ya isa a zauna lafiya. Asiklobir yana rage kwanaki da raɗaɗi, musamman in an fara sha da an ji alamar nan ta tsikari ko zafi-zafi kafin ƙurji ya fito. Wadda yake yawan dawo mata ana iya ɗora ta a kan na kullum. Ga yawancin mutane shekarar farko ce mai wuya, daga nan yana ja da baya, ya zo jefi-jefi kuma da sauƙi. Ranar da ya tashi, ki zauna cikin ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, in fitsari na ƙuna ki riƙa zuba ruwa da buta kina yi, ki sa kamfai na auduga, ki bar turare da sabulun ƙamshi a wurin. A dakata da kwanciya daga jin alama har fata ta rufe. Kwaroron roba yana rage yaɗuwa, bai toshe ta duka ba, don ba ko'ina yake rufewa ba.

Ba ya hana haihuwa, ga shi ma kin gani. Ki fara awo da wuri, ki faɗa wa ungozoma da bakinki, ta rubuta a katinki. Albishirinki: wadda ta kamu kafin ciki jikinta ya riga ya haɗa garkuwa, yana kuma ba ɗan, shi ya sa haɗarin jaririnta bai kai 1 cikin 100 ba. Wadda muke jin tsoro ita ce mai kamuwar farko a watannin ƙarshe, nan haɗarin kan kai 30 zuwa 50 cikin 100. Daga mako na 36 akan ɗora mai irin matsalarki a kan asiklobir har ta haihu, in kuma naƙuda ta zo akwai ƙurji a wurin, aiki ake yi a ciro ɗa. Don haka ko da dangi sun ce haihuwar fari a gida ake yi, ki tafi gida wankan jego, amma haihuwar a asibiti.

*Goggo, ni tsohuwa ce irinki, daga Sabongari a Ngaundere. Ranar sunan jikana zazzaɓi ya fitar min da ƙurji a leɓe, sai matar ɗana ta janye yaron, wai kada in sumbace shi. A gaban mutane. Raini ne, ko ku ne kuka koya musu?*

Hajiya, mu ne. A gaban mutane ɗin ne bai yi daɗi ba, da ta ja ki gefe. Amma ta yi wa jikanki gata. Ƙurjin leɓen nan da muke cewa zazzaɓi ne ya fita, harfes ne, yawancinmu tun muna yara muka ɗauka a wajen masu ƙaunarmu. Zazzaɓin cizon sauro ko mura ko zafin rana ko hunturu ke tashinsa. A jikinki kwana goma ne ya wuce. A jikin ɗan kwana bakwai yana iya shiga jini da hanta da ƙwaƙwalwa, ya kashe, ko ya bar yaro da naƙasa. Mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri, kada ya tauna dabino ya sa masa a baki, in zai yi masa addu'a ya yi ba tare da tofi a fuska ba, ya kuma wanke hannu kafin ya karɓe shi. Wannan ya hau kan liman da wanzami da uwar da kanta. Uwa dai ta ci gaba da ba da nono, sai in ƙurjin a kan nonon yake.

Tunda ku ne masu kwana da mai jego, ki riƙe wannan: jaririn da bai kai wata ɗaya ba in jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, ko ya yi jijjiga, asibiti ne a daren. Maganin ta jijiya ake sa shi, mako 2 zuwa 3. Ki koma ki ɗauki jikanki in leɓen ya warke, ki kuma sa wa yarinyar nan albarka.

*Goggo, ɗalibi ne ni a Injamena. Na karanta cewa harfes na jawo kansa. Ina yawan yin na leɓe. In tsorata?*

A'a, ɗana. Na leɓe da na al'aura ba sa jawo kansa. Kansar bakin mahaifa ma, da a da aka zarge su da ita, wata ƙwaya ce daban mai suna HPV, kuma Kamaru ta sa rigakafinta cikin alluran 'yan mata masu shekara 9 tun 2020.

Biyu ne a dangin ke da hannu a kansa, kuma labarin ɗaya a nahiyarmu ya fara. A 1958 wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, ya ba da bayanin wani kumburin muƙamuƙi da yake gani a yara. Ya bi sawunsa ya ga ya fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964, a Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ƙwayar cuta a cikin ƙwayoyin wannan kumburi, ita ce ta farko da aka danganta da kansa a jikin mutum. Fiye da 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita, kai da ni har da mai buga mujallar nan, kuma kusan dukanmu ba za ta taɓa yi mana komai ba. Wajen wannan kumburin, galibi sai ta haɗu da zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa a jikin ƙaramin yaro take samun hanya, nan ma a 'yan kaɗan. Ta biyun an gano ta a 1994 a Amurka, ita ke jawo kansar Kaposi: tabo masu duhu, wasu a tashe, a ƙafa ko a dasashi da ganɗa, galibi ga wanda sida ta ci garkuwarsa. Sau da yawa in an fara maganin sida suna ja da baya.

Kansar muƙamuƙin yaran ce nake so ka kai wa mutanen gida in ka je hutu. Tana girma da saurin da babu kamarsa, kumburin na iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma tana cikin kansar da ta fi jin magani in an zo da wuri. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa goma, muƙamuƙi ko gefen ido ya kumbura cikin 'yan makonni, haƙora suna girgiɗa ba lokacin famfara ba, ko ciki ya tashi da ƙullutu: kada a cire haƙorin, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a zauna ana gwada kafso mako bayan mako. A je babban asibitin yanki a nemi takardar turawa. A ɓangaren Kamaru akwai sashen kansar yara a Cibiyar Uwa da Ɗa ta Gidauniyar Chantal Biya a Yawunde, kuma jirgin ƙasan Ngaundere da dare yake tashi, ya kai da safe.